Ku Tambayi Ɗakin Gwaji: Wuta ta ɗauke ana tsakiyar allura ta 23

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sabuwar ma'aikaciya ce a ɗakin gwajin ingancin magunguna. Wata rana da yamma na jera wa na'urar HPLC, wadda ke rarraba sinadaran da ke cikin ruwan samfuri ta auna yawansu, allurai 40 na ƙwayoyin farasitamol (allura ita ce kowane ɗan ruwan da na'urar ke zuƙa ta auna): ta farko ta wofi, wato babu magani a ciki, 6 na ruwan ma'auni da aka san ƙarfinsa, sai samfura goma-goma, bayan kowane goma a sake ma'auni. Na tashi aiki na bar ta tana yi. Da safe na tarar da famfo a tsaye, fitila a kashe, kwamfuta ta sake tashi da kanta. Ashe wuta ce ta ɗauke cikin dare, janareta kuma bai kama da wuri ba. Ta tsaya a tsakiyar allura ta 23. Kolum ɗin, wato bututun da ke rarraba sinadaran, irin C18 ne, ruwan jigilar da ke ɗaukar samfuri ta cikinsa kuma bafa ta fosfet ce, wato ruwan gishiri mai daidaita tsami, da metanol. Wani da ya riga ni fara aiki ya ce in goge jerin gaba ɗaya in sake sabo, don kada masu duba takardu su dame ni da tambaya. Wata kuma ta ce in danna ci gaba daga ta 23 kawai. A ƙarshe shugaban sashe ya karɓi aikin ya yi da kansa, ni kuma na ji nauyin tambayarsa. In haka ta sake faruwa, me ya kamata in yi? Kolum ɗin ya lalace? Sakamakon da ya fito kafin katsewar yana da amfani?

*Wata mai karatu*

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shawarwarin nan biyu, kada ki ɗauki ko ɗaya. Ta farkon ta fi muni nesa ba kusa ba, shi ya sa zan fara da ita kafin mu zo kan famfo da kolum.

Manhajar da ke tafiyar da na'urarki tana da kundin sawu, inda take rubuta wanda ya shiga, da lokacin da ya shiga, da abin da ya taɓa. Tun 1997 dokar Amurka da ake kira 21 CFR Part 11 ta wajabta wannan kundi ga bayanan kwamfuta na masu yin magunguna, kuma manyan manhajojin kiromatogirafi, wato dabarar rarraba sinadarai da HPLC ke bi, na yau da shi suke zuwa. In kika goge jerin, ko dai manhajar ta ƙi, ko ta yarda ta rubuta cewa wance ta goge allurai 23 da ƙarfe kaza. Kin ga abin da aka fara da ɗaukewar wuta, wadda ba laifin kowa ba ce, ya koma ɓoye bayani, da sunanki a jiki. A watan Disamban 2018 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da jagora kan amincin bayanai, ta faɗa ƙarara cewa allurar da ta katse ko aka dakatar dole ta bayyana a kundin sawu, a bincika ta, a kuma ba da dalili. Mai duba takardu ya saba ganin katsewa. Abin da ke ɗaga masa gira shi ne ya ga kolum ya yi aiki, ruwan jigila ya ragu a kwalba, murafun 'yan kwalabe sun huje, amma babu zanen sakamako ko ɗaya da ya nuna an yi wani abu a daren. Daidai yake da ɗan kasuwan da ya yage shafi daga littafin bashi: ko babu komai a shafin, sauran littafin ya shiga zargi.

Saboda haka abin da za ki fara ɗauka da safen nan biro ne. Kafin ki taɓa maɓalli, rubuta a littafin na'ura lokacin da kika tarar da ita, allurar da ta tsaya a kai, saƙon kuskuren da ke kan fuska harafi da harafi, yawan ruwan da ya rage a kowace kwalba, da ko akwai ɗigo a ƙarƙashin famfo ko kolum. Duba agogon kwamfutar, domin wani lokaci bayan ta sake tashi kwanan wata yakan rikice, duk abin da kika yi bayan nan kuma sai ya ɗauki lokacin ƙarya. Sannan ki sanar da shugabanki da sashen tabbatar da inganci, a buɗe takardar kaucewa daga tsari. Ko ɗakin gwajinku ba na magunguna ba ne, in yana bin ƙa'idar ɗakunan gwaji ta duniya, ISO/IEC 17025 ta 2017, sashe na 7.10 abin da yake nema ke nan: a tantance aikin da ya kauce, a yanke hukunci a kansa, a ajiye shaida.

To, mu koma ga ƙarfe.

Da Mikhail Tsvet, masanin tsirrai na ƙasar Rasha, ya gabatar da dabarar kiromatogirafi a 1903, bututun gilashi ne cike da garin alli, ruwa na gangarowa a hankali yana rarraba launukan ganye, babu ruwansa da lantarki. Naki kolum ɗin cike yake da ƙwayoyin silika masu girman maikiron 5 ko ƙasa da haka, ruwa ba ya ratsa su sai da famfon da ke iya kai matsi har bar 400. Famfo na tsayawa, komai ya tsaya inda yake, har da samfurin allura ta 23, wanda ya kwana a tsakiyar kolum yana bazuwa gaba da baya. Da tsayuwar ta 'yan mintuna ce, bazuwar ba za ta yi yawa ba, don abubuwa a cikin ruwa a hankali suke yaɗuwa. Duk da haka allurar ta mutu, ko tsayuwar ta minti ɗaya ce: lissafin lokacin fitowa ya yanke, zanen ya rabu biyu, babu yadda za a auna faɗin tudun da maganin ke yi a zanen a yarda da shi. Ita wannan an gama da ita. A bar ta a jerin, a rubuta dalili a gefenta.

Kina tambaya ko kolum ya lalace. Mafi yawan lokaci kwana ɗaya a cikin bafa ba ya kashe kolum na C18. Abin da ke kashe shi shi ne gaggawar da ake yi da safe. Gishirin fosfet yana narkewa a ruwa, amma ba ya jure metanol mai yawa, asetonaitiril kuwa ya fi saurin kayar da shi. Mutum ya zo yana so ya wanke kolum, ya buɗe masa asetonaitiril tsantsa a kan bafar da ta kwana, sai gishirin ya daskare a cikin matatar bakin kolum da siraran bututu, matsi ya yi sama. Wannan toshewar da wuya take warkewa. Ki fara da ruwa mai tsabta gauraye da metanol kaɗan, kamar kashi 10 cikin 100, babu gishiri ko kaɗan, har bafar ta fita. Bayan nan ki ƙara metanol ya yi yawa don ya kwashe ragowar samfurin. Sai ki sake dawowa kan ruwan nan mai ƙarancin metanol, kafin ki mayar da ruwan jigila na ainihi. Hawa da sauka duk ta wannan matakala ake bi.

Kafin duk wannan, buɗe bawul ɗin zubarwa na famfo ki kori iska daga kowane layi, tunda na'urar cire iska ita ma ta kwana a kashe kuma kumfa na iya taruwa. Ki tashi famfon a hankali, mililita 0.2 a minti, ki riƙa ƙarawa har ki kai gudun da hanyar gwajinku ta tsara. Idonki na kan matsi. Nan ne littafin na'ura yake biyan wahalar rubuta shi, domin in kin san jiya matsin yana wajen bar 120, yau za ki san ko 120 kike gani ko 190.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba, ko da yake wataƙila bai shafi hanyarki ba tunda akwai metanol a ruwanki. In ruwan jigila kusan ruwa ne zalla, matsi ne kaɗai ke riƙe shi a cikin 'yan ramukan silikar C18, domin fatarsu ba ta son ruwa. Famfo na tsayawa, ramukan su tofar da shi. Da safe sai a ga tudun da ke fitowa a minti 8 ya fito a minti 3, a ɗauka kolum ya mutu a jefar. Bai mutu ba. A wanke shi da ruwan da metanol ko asetonaitiril ya kai rabi ko fiye, zai dawo yadda yake.

Daidaitawa tana son haƙuri. Kolum mai faɗin milimita 4.6 da tsawon 150 yana ɗaukar ruwa kusan mililita 1.5. Abin da aka saba shi ne a ratsa shi da ninki 10 zuwa 20 na wannan, wato minti 15 zuwa 30 in ana tafiya mililita 1 a minti. Fitilar ditiriyom ta na'urar ganowa ita ma tana buƙatar rabin awa zuwa awa guda kafin haskenta ya tsaya, don haka ki kunna ta tun farko su daidaita tare, haka ma ɗumin ɗakin kolum. Agogo jagora ne kawai. Layin ƙasa na zanen shi ne zai gaya miki an shirya, lokacin da ya daina gangara ya miƙe. Sai ki yi allurar wofi. In wani tudu ya fito inda bai kamata ba, baƙon jiya ne bai gama fita ba, ki sake wankewa.

Nan ne shawarar abokiyar aikinki ta biyu take faɗuwa. Allurai 6 na ma'auni da kika yi jiya da yamma shaida ce a kan na'urar jiya da yamma. Tun daga lokacin an kashe fitila an kunna, matsi ya faɗi ƙasa ya tashi, kolum ya sha wanka. Dole na'urar ta sake cin jarrabawar dacewa daga farko: allurai 5 ko 6 na ma'auni, bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce abin da hanyarku ta gindaya, wanda a hanyoyi da yawa kashi 2 cikin 100 ne, a duba jelar tudu, a duba lokacin fitowa. Kuma ki kiyaye wani tarko: kada ki ɗauki samfurin maganin ki yi masa allurar gwaji don ki ga ko na'ura ta daidaita. Jagorar nan ta 2018 ta yi magana a kan wannan ɗabi'a, domin hanya ce da wasu ke bi su leƙa sakamako kafin su yanke shawarar rubuta shi. Da ruwan ma'auni ake gwada na'ura.

Yanzu sakamakon jiya. Bisa jerin da kika bayyana, samfura na allura ta 8 zuwa ta 17 suna tsakanin shaidu biyu: ma'aunan farko a gabansu, ma'auni na allura ta 18 a bayansu. In ta 18 ta faɗa cikin iyaka, waɗannan goman sun tsaya da ƙafarsu, kuma sake su ɓarnar lokaci ce, har ma yana iya jawo tambayar me ya sa aka auna abu sau biyu. Allura ta 19 zuwa ta 22 su ne masu wuyar sha'ani. Sun kammala lafiya, zanensu cikakke ne, amma ma'aunin da zai rufe su, na allura ta 29, bai taɓa zuwa ba. Babu abin da ke tabbatar da cewa na'urar ba ta fara karkacewa ba a lokacin. Tsarin yawancin ɗakunan gwaji shi ne a sake su tare da sauran, a ajiye na farkon da bayanin dalilin da ya sa ba a yi amfani da su ba. Duba rubutaccen tsarin aikinku, shi ne alƙali.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, ƙa'ida ce take yanke wannan hukunci, kyau ko munin lambar da ta fito ba shi da ta cewa. Idan allura ta 20 ta nuna maganin ya gaza ƙarfin da aka rubuta a kwalinsa, ba za a ce ai dama wuta ta ɗauke a share ba. Wutar ba ta ɗauke ba sai a ta 23. Dole a ambaci wannan lamba a takardar kaucewa, masu tabbatar da inganci su duba ko tana buƙatar binciken sakamakon da ya fita daga iyaka. Haka kuma in huɗun sun yi kyau, kyansu ba dalili ba ne na riƙe su. A ganina wannan shi ne wurin da ma'aikata nagari suke zamewa ba da mugun nufi ba, don kawai zuciya tana karkata ga lambar da ba za ta jawo aiki ba.

Saura 'yan kwalaben da suka kwana a kan tire. Kowace hanya da aka tabbatar tana da wa'adin da ruwan samfuri da na ma'auni suke yi kafin su fara canzawa, wata awa 24, wata 48, wata ƙasa da haka. Lissafa daga lokacin da kika haɗa su har zuwa lokacin da allurar ƙarshe za ta shiga a sabon jerin, kada ki tsaya a lokacin farawa. In wa'adin ya dogara da sanyin tire, kamar digiri 4, to sanyin ma ya katse cikin dare, sai a haɗa sabo. Kwalbar da allura ta riga ta huda murfinta kuwa, metanol yana iya tsere mata, abin da ke ciki ya ƙara kauri, sakamako ya fito sama da gaskiya. Zuba sabuwa daga babbar kwalbar awo in wa'adi bai ƙare ba.

Ba wuta ce kaɗai ke tsayar da HPLC ba, kuma matsi ne yake fara ba da labari. In ya yi sama har na'ura ta kashe kanta, toshewa ce: a kwance mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, daga wajen na'urar ganowa ana komawa baya, inda matsin ya faɗi nan matsalar take, kuma sau da yawa ƙaramin kolum mai gadi ne ko matata. In ya faɗi ƙasa, ɗigo ne ko kwalba ta ƙare. In yana rawa sama da ƙasa, kumfa ce a bawul ko robar famfo ta gaji. Abin da ya shafi rubutu da sake jarrabawar dacewa bai canza ba a kowanne.

Shugaban naki kuma, ki same shi ki ce ya nuna miki takardar da ya cike a ranar. Ba rashin kunya ba ne, aikinsa ne ya koya miki.

Tambaya: Malam, ni da GC nake aiki, wato na'urar da gas ke yi wa jigila maimakon ruwa, wani lokaci da GC-MS, wadda aka haɗa da MS mai gano sinadarai ta nauyinsu. Abin da ake yi wa HPLC bayan katsewa shi ne ake yi mana?

*Wani ɗalibin digiri na biyu*

Amsa: A wajen rubutu da sake ma'auni, eh. A wajen na'ura kuwa, naka ya fi haɗari, ɗan'uwa. Babban abokin gaban kolum ɗin GC shi ne zafi tare da oksijin. In gas ɗin jigila ya yanke, ko silinda ta ƙare, alhali obin yana kan digiri 250, iska takan shiga ta cinye siririn shafen da ke cikin kolum, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa. Kolum masu shafen sinadarin da ake kira PEG sun fi saurin cutuwa. Don haka in gas ne ya yanke, fara sauke zafin obin da na bakin allura. In za ka tayar, gas ne farko: bar shi ya ratsa kolum a sanyi na minti 15 ko fiye ya kore iska, sannan ka ɗora zafi. Alamar kolum ya ji jiki ita ce layin ƙasa ya riƙa hawa fiye da da in zafi ya yi sama.

In haidurojin kake amfani da shi, ka tuna yana kamawa da wuta in ya kai kashi 4 cikin 100 a iska, har zuwa kusan kashi 75. A GC-MS, in lantarki ya ɗauke famfunan zuƙe iska suka tsaya, haidurojin yana iya ci gaba da kwarara ya taru a cikin akwatin MS. Rufe shi daga tushe nan take, kashe maɓallin na'urar don kada ta tashi da kanta in wuta ta dawo, kuma ka bi abin da littafin masu ƙera ta ya ce kan barin gas ɗin ya fice kafin a kunna komai. Bayan ka tayar, ba ta sa'o'i ta zuƙe iska, kada ka kunna filamen da wuri ya ƙone. Duba lambobin nauyi 18, 28 da 32 a gwajin iska da ruwa na MS; 28 naitirojin ce, 32 oksijin. Ta 18 ruwa ce, za ta sauka a hankali. In 28 da 32 sun tsaya a sama, ta farkon ta ninka ta biyun kusan sau 4, iskar waje ce ke shiga ta wata kafa, sai ka nemi mahaɗin da ya saki.

Tambaya: Muna so mu sayi UPS, na'urar batirin da ke riƙe wuta in ta ɗauke, amma kuɗin ba zai isa dukan na'urori ba. Wacce za mu fara ɗorawa?

*Mai kula da wani ɗakin gwaji*

Amsa: Kwamfutar da ke karɓar bayanai da akwatin sadarwar da ke haɗa ta da na'ura, Malam, domin fayil ɗin da ya yanke ana cikin rubuta shi wani lokaci ba ya buɗuwa. Bayan su sai MS, saboda famfonta mai gudun dubban juyi a minti ba ya son tsayuwar ba-zata, sai HPLC, wadda ba ta cin wuta sosai. Obin ɗin GC yana jan kilowat 2 ko fiye lokacin da yake hawa zafi, ƙaramin UPS ba zai ɗauke shi ba. Ku nemi irin wanda kullum ta cikinsa wuta take bi, wanda ba ya ƙiftawa a lokacin sauyi, tunda ƙiftawa ɗaya ta isa ta yanke magana tsakanin na'ura da kwamfuta. Ba a so ya riƙe aiki har safe, aikinsa ya cike giɓin da ke tsakanin ɗaukewar wuta da kamawar janareta, ko ya ba mutum mintunan da zai kashe komai bi da bi. Ku riƙa gwada batirinsa lokaci-lokaci da na'urorin a kunne, a ranar da babu samfuri a kan tire, ku rubuta mintunan da ya riƙe a jikinsa.